Na Bar Surukina Yana Duban Gabas

Ku samarin unguwarmu kun dame ni da cewa aikin da na yi shekara talatin da ɗoriya yanzu ɗan hoton girgije ne a fuskar jawwal, wato wayar hannu, yake yin sa. To, madalla. Ku dai sani hoton nan ba daga sama ya faɗo cikin wayarku ba, wani ne ya zauna ya yanke shawarar sa shi, kuma in ya yi kuskure akwai wanda rufin shagonsa zai tashi. Sunana Haruna, a unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni, sana'ata hasashen yanayi. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne hango hadari mai ɓarna tun saura kwana uku ko huɗu. Tsofaffin unguwa Bokan Sama suke ce mini, wasu da wasa, wasu kuma har cikin ransu.

Aikina na farko wanke ma'aunin ruwan sama ne, a garin da akan yi wata takwas ba a ga ɗigo ba. Wata 'yar tashar awo ce a bayan gari, ɗaki biyu da fili, sai wani farin akwati mai ƙafafu da aka ajiye a rana. Maigidana a wurin wani dogon mutumin Sudan ne, Ustaz Taha, wanda ban taɓa ganin sa ba fensir a bayan kunne ba. Cikin akwatin akwai ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya tsirara, ɗaya an naɗe masa kai da ɗan ƙyalle mai jiƙe. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke gaya maka yawan laimar da ke cikin iska. Kowace sa'a sai in fita in karanta, in dawo in rubuta a littafi.

Wata rana da azahar, rana ta take, na ji ƙyuyar fita. Na dubi abin da na rubuta a sa'ar da ta wuce, na ɗan ƙara, na rubuta. Ustaz Taha ya karanta. Ya kama hannuna ya kai ni gaban akwatin, ya buɗe, ya sa yatsana a kan ƙyallen. Ya bushe ƙamas, ruwan ya ƙare tun safe, ke nan lambar da na rubuta ba ta da uwa ba ta da uba. Bai zage ni ba. Ya ce dai lambar nan za a aika da ita Jidda, daga can ta wuce wasu ƙasashe, wani da bai san ni ba ya gina lissafinsa a kanta. Sati guda ya hana ni taɓa littafin, ni ne shara, ni ne dafa shayi.

Bayan shekara biyu ya fara bari in saki balan-balan. Babba ce, ba irin ta wasan yara ba, ana ɗaura mata wani ɗan akwati da ke aiko da labarin zafi da laima da iska tun daga ƙasa har can inda jirgi ke bi. Daga nan sai taswira. A lokacin da hannu muke zana ta: a shimfiɗa takarda a tebur, a bi lambobin tashoshi ana haɗa masu nauyin iska ɗaya da layi, a goge, a sake. Na cinye robar goge fensir ta fi a ƙirga kafin layukana su daina karo da juna. Daga baya kwamfuta ta zo, da hoton tauraron ɗan'adam, da rada mai nuna hadari yana tafiya, muka ajiye fensir. Amma wanda bai taɓa zana taswira da hannu ba, in kwamfuta ta yi masa ƙarya ba zai gane ba.

Ga yadda ake hangowa, tunda kuna ganin wasa ne. Hadari mai ɓarna ba ya haɗuwa sai da kayan haɗinsa, kamar miya. Sai iska mai ɗumi ta taso daga wajen Sudan, ta ratso Bahar Maliya ta kwaso laima. Sai wata mai sanyi ta gangaro daga arewa ta hau samanta. Sai duwatsu su tokare ta ƙasan, su tilasta mata hawa. In kuma aka yi rashin sa'a iskar ƙasa ta nufi wani waje, ta sama ta nufi wani, sai hadarin ya murɗe kamar igiya, shi ne mai haifar da guguwar da ke cire rufi ta tumɓuke bishiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya ganin tahowarsa tun da kwanaki. Abin da ba ka iya sani tun da wuri shi ne unguwar da zai sauka da sa'ar da zai sauka. Saboda haka sai ka sa kwamfuta ta maimaita lissafi sau da yawa, ka ga ko amsoshin sun yi baki ɗaya, sannan ka haɗa da abin da idonka ya saba gani a duwatsun garin nan.

Da na koma wani ƙaramin ofis mai sayar wa kamfanoni hasashe, sai na san cewa rabin sana'ar mutane ne. Muna da masu zuba kankare, da masu motocin alhazai a Kudai, da masu kafa allunan talla. Akwai wani ɗan kwangila da na taɓa ce wa ya ɗage zubin kankare saboda ina ganin ruwa ranar Asabar. Ya sallami motoci da leburori. Asabar ta zo, sama tas, hadarin ya zube a teku. Lahadi da safe sai ga shi a ofis da lema a buɗe, ya zauna a gabana da ita a kansa, yana tambaya ko yanzu zai iya rufewa. Har mai shayi sai da ya yi dariya. Na kai ƙara wurin Ustaz Taha, lokacin ya yi ritaya. Ya ce mini wanda ya ce za a yi ba a yi ba, dariyar kwana biyu za a yi masa, wanda kuwa ya gani ya yi shiru, shi ba dariya za a yi masa ba. Ya ce in faɗi abin da na gani da kalmar da ta dace da girmansa, sannan in ce in sha Allahu, kada in sa in sha Allahu ta cinye maganar. Na haddace wannan, na kuma yi aiki da shi a kan kowa, ban da mutum ɗaya.

Mutumin nan surukina ne, mahaifin matata Rabi. Ko yanzu da ya rasu bakina ba ya iya kama sunansa, Baba nake ce masa. Daga ƙasar Damagaram ya zo aikin hajji yana ɗan shekara talatin, ya zauna. Yana da shago a Hindawiyya inda yake ba da hayar haima, wato manyan tantunan biki, da dardumai da kujeru, yana da ma'aikata shida duk 'yan gida. Ku da kuke shan shayi da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. Ni shekara goma sha biyar ina auren 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa. In ina da magana sai in gaya wa Rabi, ita ta gaya wa mahaifiyarta, Inna, ita kuma ta kai masa. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin al'adar ta yi mini nauyi ba.

Baba manomi ne kafin ya zama mai haima, kuma yana alfahari da sanin sama. A ƙasarsu hadari daga gabas yake tasowa, wanda ya haɗu a yamma ba a ko kwashe shanya dominsa. Da ya zo Makka sai ya tarar da rani ma haka ne, daga duwatsun Ɗa'ifa hadari ke gangarowa, gabas ke nan, sai ya ƙara sakankancewa. Kujerarsa a ƙofar shago gabas take kallo. Abin da bai yarda da shi ba shi ne na lokacin sanyi, wanda ke tasowa daga teku ta bayansa. Yakan zo jefi-jefi, wasu shekarun ma ba ya zuwa, kuma duk zuwan da ya yi a baya ya tarar da haimomin Baba a naɗe cikin shago.

A shekarar da nake ba ku labari Baba ya sami aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Wani babban gida ne zai yi walimar aure ranar Alhamis a wata istiraha kudu da Kudai, irin gidajen shaƙatawar nan na bayan gari, a cikin wani kwari tsakanin duwatsu biyu. Ya kwashe duk abin da ke shagon, ya ƙaro sabuwar haima fara mai ginshiƙan ƙarfe wadda ya daɗe yana buri. Ranar Litinin na zauna a gaban kwamfuta na ga kayan haɗin nan duka suna tahowa, kuma mafi yawan lissafin Alhamis da yamma yake nunawa. Talata na sake dubawa, abin ya ƙara tabbata, har da murɗawar iskar. Tun da nake aikin ban taɓa ganin alamu sun yi baki ɗaya haka ba.

Ranar Talatar na gaya wa Rabi. Na ce ta shaida wa Baba akwai hadari mai iska ranar Alhamis, kwarin nan kuma ba wurin kafa haima ba ne. Ko a wurinta ma na ɗan sassauta, ban ambaci guguwa ba, don kada ta tsorata. Rabi ta je ta gaya wa Inna cewa Haruna ya ce akwai alamar ruwa da 'yar iska, a yi hattara. Inna kuwa ba za ta tari mijinta da mugun fata a kan babban aikinsa ba, ga shi a garin nan ruwa rahama ne, roƙonsa ake yi. Sai ta ce masa yaron nan ya ce a sa ran rahama ranar walima. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, kowacce ta rage abin da take ganin ladabi ya ce a rage.

Laraba da safe na kira abokan hulɗarmu ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa mai allunan talla ya sauke duk abin da zai iya saukewa. Na ce wa na Kudai kada motarsa ko ɗaya ta kwana a gangare. Mutumin nan mai lema ma na kira shi, na ce in ya ga dama ya sake zuwa da ita, amma ya ɗaure kayansa. Duk na yi musu magana ɓaro-ɓaro, ba kwana-kwana. Da la'asar na biya Hindawiyya don in tabbatar saƙona ya isa. Na tarar ana loda kujerun ƙarshe a mota, Baba yana kan kujerarsa, abokansa tsofaffi uku suna gefe, ma'aikatansa suna kai da kawowa. Na cire takalmi na durƙusa.

Shi da kansa ya ɗauko maganar, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Haruna, an ce ka ce a sa ran rahama gobe. To, ɗaga kai ka duba." Ya nuna gabas da sandar rake da ke hannunsa. Sama wankakkiya, ko ƙyallin girgije babu. Ya ce, "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni na yi noma kafin a haife ka, ya waladi, ɗana. Hadarin da bai fito ta nan ba burga ce kawai. Ko injinku ya ga wani abu ne?"

Tambaya ce ya yi mini, a fili, kuma amsar tana bakina. Ta bayan kansa ina hango yamma, sama ta yi wani fari-fari mai kauri, iskar da ke kaɗa rigarsa kuma ɗumi gare ta da danshi, irin wadda na sani. Abin da ya kamata in ce shi ne, Baba, ta bayanka zai zo, a kwance haimar nan yau. Amma tsofaffin nan uku sun zuba mini ido suna murmushi, ma'aikata sun tsaya da kujeru a hannu. Na ji in na faɗa, na ƙaryata surukina a gaban abokansa da yaransa. Na kuma tuna da mai lema, ba zan ɓoye muku ba: na ce a raina in ya kwance haima saboda ni, sannan hadarin ya zube a teku, da wane ido zan sake duban gidan nan? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Allah ne masani, Baba."

Ya yi dariya ya ce wa abokansa, "Kun ji ɗan halak." Ya sa mini albarka, na ɗauki takalmina na tafi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa ranar na ɓoye.

Alhamis ina dawam, wato ina bakin aiki. Da azahar rada ta fara nuna shi a kan teku, ja wur, yana tahowa. Nan kunyar ta sake ni, lokacin da ba ta da sauran amfani. Na kira wayar Baba, karo na farko a rayuwata, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ashe tana cikin aljihun rigar da ya rataye a mota. Na bar ofis na kama hanya. Kafin in wuce Kudai gari ya yi duhu, iska tana jifa da kwali da kwano, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Motoci suka tsaya cak. Sa'a biyu na yi a tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba.

Da na isa an gama. Baƙi ba su fara zuwa ba, wannan kaɗai ne sauƙin da Allah ya kawo. Ma'aikatan suka ce iskar ta bayan dutse ta zo tana juyi, ta shiga ƙarƙashin babbar haimar ta ɗaga ta. Su suka gudu, Baba ya kama igiya yana kiran su su dawo. Ginshiƙin ƙarfe ya tumɓuke ya same shi a ƙugu. Bayan iskar kuma sai ruwan dutse ya biyo kwarin, ya tafi da dardumai da kujeru. Na tarar sun kwantar da shi a kan wani tudu, sun lulluɓe shi da yagaggen farin ƙyallen haimar. Ni na ɗauke shi a motata, kansa a kan cinyar wani ma'aikacinsa. Muka wuce asibiti kai tsaye.

Kwana uku bayan an yi masa aiki ɗakin ya cika da masu dubiya. Ina durƙushe a bakin ƙofa. Wani tsoho abokinsa, wanda bai je shagon ranar Laraba ba, ya ce, "Ya Shaikh, kana da suruki mai duban sama, amma a ce bai gaya maka ba?" Waɗanda suka ji amsata ranar Laraba suka dubi ƙasa.

Baba ya ce, "Ya gaya mini. Ya aiko, ya kuma zo da ƙafarsa. Ni ne na ƙi ji. Halas, shi ke nan, a bar maganar."

Ya rufa mini asiri da ƙaryar da bai saba yi ba, ni kuma na sake yin shiru na karɓa. Wannan shirun na biyu ya fi na farko ci mini rai, don a na farko ina iya cewa ladabi ne, na biyu kuwa tsoro ne tsagwaronsa. Da muka koma gida na fara yi wa Rabi ƙorafin yadda saƙo ya lalace a hanya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na rage, Inna ma ta rage. Amma kai ya tambaya."

Baba bai sake kafa haima ba. Ƙugun bai haɗu daidai ba, ya koma tafiya da sanda biyu, ma'aikatansa suka watse wasu wurare, shagon ya zama na sayar da kayan sanyi a hannun wani. Ni kuwa sunana ya tashi. Labari ya zaga Hindawiyya da Utaibiyya cewa Bokan Sama ya hango guguwa tun saura kwana uku, tsoho ne ya yi taurin kai. Masu haima da masu rumfa suka riƙa nemana kafin su kafa turke. Iyayenku ma da wannan labarin suka san ni, kuma duk wanda ya yabe ni da shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau ne karo na farko da na gyara shi da bakina, bayan mai shi ya yi shekara shida a kabari.

Tun daga ranar ban sake tura hasashe ta bakin wani ba. Ko liman ne, ko sa'an ubana ne, nakan je da kaina in durƙusa yadda aka saba, in cire takalmi, sannan in faɗi abin da na gani da sunansa. An kira ni mara kunya sau biyu ko uku, an yi mini dariya fiye da haka, duk na shanye. Abin da wayarku ba za ta koya muku ba ke nan: karanta taswira shekara biyar ta ishe ka, amma faɗa wa wanda kake jin nauyinsa abin da ba ya so ya ji, ni sai da ƙugun surukina ya karye na koya.

Da aka sallamo Baba daga asibiti, ya sa aka fitar masa da kujerarsa ƙofar gida. Rabi ta ajiye ta yadda ya saba, ya ce a'a, a juya ta. Aka juya ta tana kallon yamma, kuma haka ta zauna shekara tara. Kowace Juma'a nakan je in gaishe shi, ya tambaye ni yara, ya tambaye ni aiki, ya sa mini albarka. Wani lokaci ina durƙushe sama tana haɗuwa a gabanmu, ina jira ya ce, Haruna, me ka gani? Na tanadi amsar tsaf. Har ya koma ga Allah bai sake tambayata komai a kan sama ba.